Asibitin Sarki Ƙalawun, inda har yau ake duba ido

Neman lafiyar idon Baba ne ya kai ni Alƙahira. Yanar ido ta rufe masa idon dama ruf, ta soma cin na hagu, ga ciwon sukarin da ya daɗe yana fama da shi ya taɓa can cikin idon. Mutumin da tun ina yaro ban taɓa ganin rana ta fito masa bai karanta izu biyu ba, sai ga shi yana ɗora Alƙur'ani a cinya yana shafa shafin da tafin hannu, yana karantawa da ka. Ranar da na tarar ya buɗe shi a juye bai sani ba, a ranar na kira 'yan'uwana muka zauna, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa.

Abin da ya rage mana wahalar tafiyar shi ne ɗan yayata yana karatu a Azhar. Shi ya tarbe mu a filin jirgi, shi ya kama mana ɗaki a Madinatu Nasr, shi ne kuma tafintanmu, don Larabcin da nake koyarwa a makarantar sakandare dabam yake da wanda Misirawa ke yi a kan titi. Aka yi wa Baba aiki ranar Litinin a wani asibitin kuɗi. Washegari aka cire bandeji, gani bai washe ba tukuna. Likita ya ce sai a hankali, ya hana shi shiga rana da ƙura, ya haɗa mu da kwalabe uku na maganin ɗigawa, kowace da lokacinta. Kwana huɗu ina zaune a gindin gadonsa ina duba agogo.

A rana ta biyar yaron ya zo da wani abokin karatunsa ɗan Maraɗi, ya ce shi zai zauna da Alhaji.

"Kawu, yau dai sai ka fita ka sha iska. Akwai wani asibitin ido da nake so ka gani."

Na ce, "Wani asibitin kuma? Ba mu gama da wannan ba."

Ya ce, "Wannan ya girmi Gidan Rumfa da wajen shekara 200, kuma har yau ana yankar kati a cikinsa."

Mota ta sauke mu kusa da masallacin Husaini. Muka kutsa cikin kasuwar Khan Khalili, lungu-lungu, ana ta kiranmu mu zo mu sayi turare da carbi, har muka ɓullo titin Mu'izzu ta wajen masu sayar da zinariya. Wannan titi shi ne ƙashin bayan tsohon birnin da Faɗimiyyawa suka kafa a 969, ya miƙe daga ƙofar Futuhu a arewa zuwa ƙofar Zuwaila a kudu, kimanin kilomita ɗaya. Muka yi arewa, muka wuce maƙeran tagulla da farin ƙarfe, waɗanda suka jera tukwane da jinjirin wata irin na kan hasumiya a bakin shagunansu. Can sai titin ya buɗe, ya yi faɗi. Nan ne ake kira Bainal Ƙasraini, wato tsakanin fadoji biyu, saboda a da fadar halifofin Faɗimiyya ta gabas da ta yamma suna kallon juna a wurin. Fadojin sun tafi tun tuni, sunan ya zauna.

A hannun hagu wani dogon gini na dutse ya tare ido, launinsa kamar na busasshiyar ƙasa, ga dogayen tagogi bibbiyu kowace da ɗan zagayayyen taga a samanta, ga layin rubutu da manyan baƙaƙe ya ratsa bangon daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ga hasumiya mai kusurwa huɗu a can gefen arewa. Wannan shi ne ginin Sarki Mansur Ƙalawun: makaranta, da ƙubbar da aka binne shi, da asibiti, duk a haɗe.

Ban fara da ɓangaren da masu yawon buɗe ido ke shiga ba. Yaron ya ja ni ta wata ƙofa a gefen ginin, inda na ga mutane na shiga da fita riƙe da takardu. Muna shiga hayaniyar titi ta ragu. Abin da na fara gani shi ne wata tsohuwa cikin baƙar abaya, an rufe mata ido ɗaya da auduga da filasta, wata yarinya da ba za ta wuce shekara 10 ba tana riƙe da hannunta tana gaya mata inda za ta sa ƙafa. A kan benci wani dattijo mai jallabiya da rawani irin na mutanen karkara ya ɗaga kai sama, ɗansa na ɗiga masa magani, ya danne masa gefen idon da ɗan yatsa kamar yadda aka koya mini in riƙa yi wa Baba. Kwalbar ma irin tamu ce. Na tsaya ina kallonsu har yaron ya taɓa ni. Da na ɗaga kai, sai ga bayan ƙubbar Ƙalawun da hasumiyarsa sun leƙo ta saman ginin asibitin.

Ginin da ake duba marasa lafiya a ciki yau ba shi ne na asali ba. Ma'aikatar Waƙafi ta Masar, mai kula da dukiyar hubusi, ita ce ta gina shi a 1915 a wani sashe na filin tsohon asibitin, aka keɓe shi ga ciwon ido, kuma sunan Ƙalawun yake amsawa har yanzu. To amma filin shi ne dai filin, kuma tun 1284 masu ciwo ke nufo wannan wuri. A lokacin da Wangarawa suka iso Kano da Musulunci a zamanin Sarki Yaji, wanda ya hau gadon sarauta a 1349, wannan asibiti ya riga ya haura shekara 60 yana aiki. Da Mansa Musa ya sauka Alƙahira a 1324 kan hanyarsa ta hajji, ɗan Ƙalawun ne, Nasiru Muhammadu, ke kan mulki, asibitin kuwa yana tsakiyar ganiyarsa. Shekara biyu bayan haka matafiyin nan Ibn Baɗuɗa ya biyo, ya rubuta cewa kyawunsa ya fi ƙarfin a siffanta, kuma ana faɗin abin da yake samu a rana ya kai dinari 1,000.

Muka fito muka yanki tikiti, muka shiga ta babbar ƙofa. Wani dogon soro ne ya karɓe mu, mai tsawon gaske, rufinsa na katako can sama, sanyi na fitowa daga duwatsun. Makaranta na hagu, ƙubba na dama, idan ka miƙe kuma soron zai kai ka tsohon asibitin. Duk mara lafiyar da aka ɗauko a wancan zamani ta nan ake bi da shi, tsakanin masu karatu da kabarin mai ginin.

Shi Ƙalawun bawa ne tun farko. Daga ƙasar Turkawan Ƙifjaƙ, arewa da Baƙin Teku, aka kawo shi, aka saye shi dinari 1,000, shi ya sa ake masa laƙabi da Alfi. Ya zama cikin bayin yaƙi na Sarki Salihu Ayyuba, wanda ƙubbarsa ke tsallaken titi tana fuskantar wannan gini, bawa da ubangidansa suna kwance ƙofa da ƙofa. Ya yi ta hawa har ya zama sarkin Masar da Sham a 1279. Maƙrizi, masanin tarihin da ya tashi a wata unguwa 'yan taku kaɗan daga nan, ya kawo dalilin gina asibitin. Tun Ƙalawun yana sarkin yaƙi a ƙarƙashin Sarki Baibaras na Masar, ciwon ciki mai murɗa ya kama shi a Dimashƙa, aka yi masa magani da magungunan da aka ɗebo daga asibitin da Sarki Nuruddini Zanki ya gina a can a 1154. Da ya warke ya hau doki ya je ya ga asibitin da idonsa, ya yi alwashin in Allah ya ba shi mulki zai gina irinsa. Wannan labari ya shige ni, don ni ma kwana huɗun da na yi a gindin gadon Baba sun sa na yi alkawura da yawa tsakanina da Ubangijina.

Abin da ya rage na tsohon asibitin kaɗan ne, kuma sai an nuna maka za ka gane. Akwai ragowar manyan zaurukan nan masu buɗaɗɗen gaba da suke kira iwani, waɗanda asali huɗu ne suna kallon tsakar gida. Akwai sassaƙar farar ƙasa a kewayen wasu tagogi, sirara kamar aikin allura a wuyan riga. Akwai wurin da ruwa ke gangarowa a kan allon marmara, ya bi ta ƙaramar magudana zuwa kwarmin da ke tsakiya, don majinyaci ya ji sanyi ya kuma ji ƙarar ruwa. Yanzu a bushe yake. Na tsuguna na sa hannu a cikin magudanar, faɗinta bai fi tafin hannuna da kaɗan ba, dutsen ya yi santsi. An raba wurin sashe-sashe: masu zazzaɓi, masu ciwon ido, masu rauni da ke bukatar fiɗa, masu gudawa, ɓangaren mata dabam, masu taɓin hankali da ɗakunansu. Ga madafa, ga wurin haɗa magunguna, ga inda babban likita ke zama ya karantar da ɗalibai. Ibnun Nafis, likitan da ya fara bayyana cewa jini daga ɓangaren dama na zuciya sai ya ratsa huhu kafin ya koma na hagu, ya rasu a Alƙahira a 1288, ya bar wa wannan asibiti gidansa da littattafansa.

Muka zauna a kan wani dakali a inuwa. Yaron ya ciro wayarsa ya ce, "Kawu, ginin ba shi ne abin mamakin ba. Bari ka ji takardar waƙafin." Malaminsu ya taɓa karantar da su ita. Ya miƙo mini, na karanta da kaina, don wannan Larabcin littafi ne.

Na zaci zan ga jerin gonaki da shaguna da kirarin sarki, kuma akwai su, Maƙrizi ma ya ce abin da dukiyar waƙafin ke kawowa a shekara ya kusa dirhami miliyan ɗaya. Amma takardar ta sauko ƙasa ƙwarai, har inda ban zata ba. Ta ce asibitin na kowa ne, mace da namiji, mai kuɗi da talaka, ɗan gari da baƙo, kuma mara lafiya zai zauna har ya warke, ba a gindaya masa wani sharaɗi ba. Ta umarci mai kula da waƙafin ya sayi gadaje na ƙarfe ko na katako, da katifu da barguna masu auduga. Ya sayi kofunan gilashi na sha, da butoci, da man fitila. Ya sayi ganyaye masu ƙamshi kowace rana. Ta ce a dafa wa kowane majinyaci abin da likita ya rubuta masa, a zuba masa a kwanonsa shi kaɗai ba tare da an haɗa shi da wani ba, a rufe, a kai masa. Har kuɗin murfin kaba na rufe abincin an ambata, abin da mu za mu kira faifai. Har kuɗin maficin kaba da za su yi fifita da shi lokacin zafi. Wanda ya warke a ba shi tufa ya fita da ita. Wanda ya rasu a yi masa wanka da likkafani, a biya mai haƙa kabari, a binne shi cikin mutunci. Talakan da ke kwance a gidansa kuma a aika masa da magani can. Likitocin ido, waɗanda take kira kahhalai, daga kalmar kuhl, wato kwallin nan da iyayenmu mata ke sawa, ta ce su zo kowace safiya kada su mayar da mai ciwon ido.

A kan faifan nan na tsaya, na kasa wucewa.

Shekara 9 ke nan da muka kai Inna wani asibiti da tsakar dare, numfashinta na sama-sama. Kafin a taɓa ta sai da aka miƙo mini 'yar takarda: safar hannu, auduga, sirinji, robar ƙarin ruwa, filasta. Kantin maganin asibitin a rufe, na hau babur na shiga gari ina bubbuga ƙofofi. Da na dawo aka ce sai an ajiye kuɗin gado. Ta kwana 11 a wurin kafin Allah ya karɓi abarsa. Ba na cewa wani ne ya kashe ta, kwananta ne ya ƙare, kuma a cikin ma'aikatan akwai wata nas da har gobe nake yi wa addu'a. Amma akwai hoton da ya ƙi barina. A gadon da ke kusa da nata akwai wata baiwar Allah da aka kawo daga ƙauye, ba ta da mai jinya tsayayye. An ajiye mata tuwo a kwano a bakin taga, a buɗe, ƙudaje sun rufe shi baƙi ƙirin, ita kuma ba ta da ƙarfin ɗaga hannu ta kore su. Ƙanwata ce ta cire faifan da ke kan kwanon Inna ta rufe mata. Zafin watan Afrilu ne, ba wuta, da kwalin magani muke yi musu fifita su biyun.

Sai ga shi wani ya zauna shekara 700 da suka wuce, ya tuna da ƙuda, ya tuna da zafi, ya sa an rubuta su a takardar da alƙalai suka sa wa hannu, ya ware musu kuɗi. Wanda ya tsara wannan takarda ya san jinya. Ya san cewa abin da ke karya zuciyar mai ciwo sau da yawa ƙaramin abu ne. Yaron ya ga idona ya kawo ruwa, ya kau da kai ya yi kamar yana duba hasumiya, Allah ya yi masa albarka.

Ba zan ɓoye ɗaya gefen labarin ba, don Maƙrizin da ya yabi asibitin shi ne ya rubuta shi. An gama wannan gini duka, asibiti da ƙubba da makaranta, cikin wata 13 kacal, daga 1284 zuwa 1285, kuma saurin nan a kan wuyan mutane aka yi shi. Wanda sarki ya ɗora a kan aikin, Sanjar Shuja'i, mutum ne mai tsanani. Gidan da ke wurin na wata gimbiya ce daga zuriyar Ayyubawa, aka musanya mata da wani, aka fitar da matan gidan cikin gaggawa. Aka sa ɗaruruwan fursunonin yaƙi aiki. Aka tattaro maginan birnin kaf aka hana su yi wa kowa aiki sai nan. Aka tsayar da dakaru a kan titi, duk wanda ya zo wucewa, komai girmansa, sai ya ɗauki dutse ya kai, har mutane suka daina bin hanyar. Ginshiƙan dutse da marmara kuwa daga ganuwar da Salihu Ayyuba ya gina a tsibirin Rauda na kogin Nilu aka ciro su. Abin ya kai wasu malaman zamanin suka yi fatawa cewa salla ba ta halatta a wurin. Na ji daɗin sanin cewa an samu malaman da suka faɗa, sarki na raye. Tun da na ji wannan, duk dutsen da na kalla a bangon sai in tuna da wani bawan Allah da ya fito neman abincin iyalinsa aka tare shi a hanya. Alherin da asibitin ya yi wa miliyoyin mutane gaskiya ne, haƙƙin waɗannan ma gaskiya ne, hisabinsu yana wurin Allah.

Daga baya asibitin ya yi ta lalacewa, dukiyar waƙafin ta ragu, masu kula suka yi sakaci. Ya zuwa 1856 babu wanda ya rage a ciki sai masu taɓin hankali, su ma aka kwashe su zuwa unguwar Bulaƙ, daga bisani zuwa unguwar Abbasiyya. Sunan asibiti a wancan zamani bimaristan ne, kalmar Farisanci mai nufin wurin marasa lafiya. Bakin mutane ya taƙaita ta zuwa maristan, kuma yaron ya ce a yau in Bamisire ya ce wuri ya zama muristan, yana nufin ya zama gidan mahaukata. Wannan ya yi mini ciwo. Asibitin Nuruddini na Dimashƙa da ya haifi wannan, yanzu gidan tarihi ne na likitanci. Na Alƙahira ya rasa yawancin ginin, amma waƙafin bai mutu ba, shi ya sa aka sake tayar da asibiti a filin maimakon a yi kasuwa.

Da na koma masauki na ba Baba labari tun daga soro har faifai. Bai ce komai ba sai da na gama, sa'an nan ya ce, "In likita ya sake ni, za ka kai ni."

Likita ya sake shi saura kwana biyu mu taso. Gani ya soma dawowa, yana rarrabe fuskoki, yana karanta manyan baƙaƙe. Muka sa masa baƙin tabarau muka tafi da sassafe kafin rana ta yi zafi, jikan nasa na riƙe da hannunsa yana tsokanarsa wai ango ya fito. Baba ya ce, "Kai dai riƙe ni da kyau, in na faɗi kai za ka biya kuɗin aikin."

Ƙubbar na ajiye masa, don ni ma ranar farko leƙa ta kawai na yi. Muka cire takalma a ƙaramar farfajiyar da ke gabanta muka shiga. Wurin da duhu-duhu, sai da ido ya saba. Manyan ginshiƙai huɗu na jan dutse da wasu ginannu huɗu sun ɗauki ƙubbar, a tsakiya an kewaye kabarin da shingen katako mai ƙananan ramuka. Nan Ƙalawun yake kwance, shi da ɗansa Nasiru Muhammadu. Ya rasu a 1290 yana shirin fita yaƙin Akka, ɗansa Ashrafu Halilu ya ci garin a shekarar da ta biyo. Bangon kuwa daga ƙasa har sama da tsayin mutum an lulluɓe shi da marmara kala-kala da ɓawon kawa mai sheƙi, rufin katakon an zane shi da ruwan zinariya. Can sama tagogi ne na farar ƙasa da aka cusa wa gilasai masu launi.

Baba ya cire tabarau. Na so in hana shi, sai na ga ba rana a ciki. Hasken tagogin ya sauko ya zauna a kan farar rigarsa, ja da kore da ruwan ɗorawa. Ya miƙa hannu cikin hasken, ya juya tafin, ya juya bayan. Ya ce, "Wannan kore ne." Na ce kore ne, Baba. "Wannan kuma ja." Ya fi shekara biyu rabon da ya kira sunan launi.

Jikan ya ja shi zuwa wani allon marmara a bango, mai zane kamar tubalan da aka jera a murabba'i. Ya ce, "Alhaji, wannan rubutu ne, karanta mana." Baba ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa dutsen. Yaron ya nuna masa inda mim ta fara. Baba ya bi layin da ɗan yatsa a iska, ba tare da ya taɓa ba, ya karya kwana, ya sake karyawa, sai ya yi salati da ƙarfi har mai gadin ya waiwayo. "Muhammadu ne. Ga shi nan kuma, ga wani, ta kowane gefe Muhammadu ne." Mai gadin ya taso ya dafa kafaɗarsa yana ta faɗin "Ma sha Allah, ya Hajji."

Kafin mu fita ya tsaya a gaban shingen ya ɗaga hannu. Ya yi wa mai kabarin addu'a, ya yi wa waɗanda aka tilasta wa ɗaukar dutse, ya roƙi Allah ya sa su yafe masa. Ya yi wa Inna. Sa'an nan ya ce a kai shi wurin masu ciwon idon.

Lokacin ɗiga maganinsa ya yi muna cikin farfajiyar asibitin, don haka muka nemi gefen benci. Wani tsoho da aka rufe wa idon hagu ya matsa masa. Na wanke hannu da ruwan gora, Baba ya ɗaga kai, na ɗiga, na danne gefen idon ina ƙirgawa a zuci. Tsohon ya leƙo da idonsa mai lafiya ya ce, "Alfi salama, ya Hajji." Baba ya amsa masa da Hausa, "Yauwa, sannunmu. Allah ya ƙara sauƙi." Suka yi musafaha suka daɗe ba su saki hannun juna ba. Matar tsohon ta buɗe jaka ta miƙo mana gurasa da cuku, muka karɓa.

A cikin tasi muna komawa Baba ya yi shiru har muka wuce Azhar. Can ya kira sunana ya ce, "Takardar nan ta waƙafi, ka juya mini ita da Hausa. Da ajami za ka rubuta, manya-manya yadda zan gani." Na tambaye shi me zai yi da ita. Ya ce akwai filinsa na bayan gari da ya daɗe yana tunanin abin da zai yi da shi, kuma akwai ɗan asibitin sha-ka-tafi na unguwarmu da ko benci babu isasshe. Yana so ya karanta wa 'yan kwamitin masallaci bayan la'asar, da bakinsa, da idonsa, sa'an nan a kira alƙali a rubuta hubusi yadda ba mai taɓawa bayan ransa.

A daren na sayo littafin rubutu da baƙin alƙalami mai kauri a wani kanti kusa da masaukinmu. Yaron na karanto Larabcin, ina juyawa, Baba na kishingiɗe yana gyara mana Hausar. Da muka iso kan murfin kaba na rubuta "murfi", ya ce in goge in sa "faifai", haka mutane za su gane. Muka kai ƙarfe ɗaya na dare a kan shafi na huɗu, na tashi na ɗiga masa na kwalba ta uku.